Idon kyamara a hasken Adar: abin da mai sha'awar hoto zai duba kafin ya zuba kuɗinsa

Duk wanda ya taɓa hawa ɗaya daga cikin duwatsun da ke kallon kwarin Ibohamane, gabas da garin Keita, da hantsi cikin watan Janairu, ya san abin da ido yake gani daga can. Ga baƙaƙen duwatsu da jar ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, ga garake sun yi kore a gindin kwari, ga makiyayi da awakinsa a kan fako, can nesa kuma tsaunuka suna nutsewa cikin hazon hunturu. A ce mutum ya ciro sabuwar kyamarar da ƙanensa ya aiko masa daga ci-rani, ya saita, ya danna, ya sauko yana murna. Da ya isa gida ya buɗe hoton a babban allo, sai ya tarar da wani abu dabam: sama ta yi fari fat, koren garake ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki, fuskar makiyayin ta zama baƙin dunƙule, itatuwan da ke gefen hoton kuwa sun cakuɗe, ba a bambanta bagaruwa da dogon yaro.

Idan haka ta faru, mafi yawan mutane kyamarar suke zargi, su ce da ma an sayo wadda ta fi ta tsada. Waɗansu kuma su ɗora laifin a kan hazo, kuma lalle hazo yana da nasa rabo. Amma sau da yawa aibin yana cikin wannan ƴar gwangwani mai gilasai da ake ɗaurawa a gaban na'urar, wadda masu sana'ar hoto na ƙasarmu suke kira objektif, mu kuwa a nan za mu kira ta idon kyamara. Duk hasken da zai zama hoto ta cikinsa yake bi. Abin da ido ya ɓata, babu na'urar da za ta maido da shi daga baya, komai tsadarta.

Maganar ta shafi mutane da dama a yau. A da, ɗaukar hoto aikin mai hoto ne, wanda ake zuwa shagonsa a Tawa ko Madawa ranar salla, ko ranar da ake neman katin ɗan ƙasa. Sa'an nan wayar salula ta zo ta sa hoto a aljihun kowa. Yanzu kuma akwai malaman makaranta, da malaman gona, da ma'aikatan asibiti, da matasan da suka dawo daga Libiya ko Abijan, waɗanda waya ba ta ishe su ba, suna neman kyamara ta sosai wadda ba ta da nauyi. Kuɗin irin wannan kyamara sabuwa yana iya kai na babur. Wanda zai fitar da wannan kuɗi daga albashinsa, ko ya roƙi ɗan'uwansa ya aiko masa, ya kamata ya san inda amfanin kuɗin yake.

Mene ne kyamara marar madubi

Manyan kyamarorin da muka saba gani a hannun ƴan jarida suna da wani ɗan madubi a cikinsu, a karkace, wanda yake kai hasken zuwa tagar da mai ɗauka yake leƙawa. Idan aka danna, madubin ya ɗaga sama, haske ya wuce ya faɗa kan fim, ko kuma, a zamanin yau, kan wani ɗan faranti mai kama haske. Wannan madubi yana bukatar fili, shi ya sa kyamarar take da ƙiba. A shekarar 2008 kamfanin Panasonic na Japan ya fitar da Lumix G1, wadda aka cire wa madubin ɗungum, mai ɗauka yana ganin hoton a ɗan ƙaramin allo tun kafin ya danna. Olympus ya bi baya a 2009, Sony a 2010, Fujifilm a 2012. A 2018 manyan gidajen nan biyu, Canon da Nikon, suka fitar da nasu sababbin tsare-tsare, tun daga nan kuwa kusan duk sabon abin da ake ƙerawa marar madubi ne.

Cire madubin ya matso da ido kusa da faranti. A tsohon tsarin Nikon tazarar ta kai milimita 46.5, a na Canon milimita 44. A sabon tsarin Sony milimita 18 ce, a na Nikon 16. Wannan matsowa ta ba maƙera damar yin ƙananan idanu masu kyau, musamman masu faɗin gani. Amma ta jawo abu biyu da suka shafe mu ƙwarai a nan Adar. Na farko, tun da ƙanƙanta ake talla da ita, sai kamfanoni suka shiga matse idon da suke haɗawa da kyamara har ya zama bai kai ingancin na'urar da aka ɗaura shi a kai ba. Na biyu, da zarar an kwance ido, farantin yana nan tsirara kusa da baki, ba abin da ya tsare shi daga ƙura.

Kafin mu shiga waɗannan, akwai lissafi ɗaya da ya kamata a riƙe. Farantan ba girmansu ɗaya ba. Babba yana da milimita 36 da 24, daidai da tsohon fim. Matsakaici, wanda ake rubuta wa APS-C, kimanin 23.5 da 15.6 ne. Ƙarami, na Panasonic da Olympus, 17.3 da 13. Lambar milimita da aka rubuta a jikin ido ita ke nuna faɗin abin da yake gani: ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, babba tana jawo abin da ke nesa. To, idon da yake gani kusan yadda idon mutum yake gani, milimita 50 ne a babban faranti, kimanin 35 a matsakaici, 25 a ƙarami. Wanda ya aika saƙo Abijan ya ce a sayo masa "mai hamsin" bai faɗi girman farantinsa ba, yana iya samun idon da ba zai iya ɗaukar iyalinsa da shi a tsakar gida ba sai ya fita ƙofar gida.

Haske mai yawa, haske kaɗan

Ilimin nan tsoho ne. Malamin nan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, shi ne ya tabbatar a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske daga abu yake tahowa ya shiga ido, ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu da ƴar kafa a bango. Kyamara ɗakin nan ne mai duhu, sai dai an sa gilasai a kafar don su tattara hasken. Matsalar ita ce gilashi ɗaya ba ya tattara haske daidai. Yakan rarraba launuka, har a ga wani zare shuɗi ko ja-ja a bakin farar riga. Yakan lanƙwasa miƙaƙƙen layi. Yakan fitar da tsakiya sarai ya bar gefe a dushe. Don gyara waɗannan aibobi ake jera gilasai shida, goma, har goma sha biyar a cikin ido guda, kowanne yana gyara kuskuren ɗan'uwansa.

Jerawar ita ma tana da tata illa. Kowace fuskar gilashi da ba a shafa wa komai ba tana maido da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. Gilasai goma da ba a manne da juna ba fuska ashirin ke nan, fiye da rabin hasken ya kauce hanya. Ba ɓacewa yake yi kawai ba, yawo yake yi a cikin gwangwanin, daga nan ya zube kan hoton kamar an yayyafa masa gari. A 1935 wani masani mai suna Alexander Smakula, a kamfanin Zeiss na Jamus, ya gano yadda za a shafa wa gilashi wani siririn shafe da ke rage wannan maidowa. Daga farkon shekarun 1970 aka shiga yin shafe hawa-hawa, har asarar ta koma ƙasa da kashi ɗaya a kowace fuska. Wannan shafe ne ake gani yana walƙiya kore ko shuɗi idan aka karkata ido a rana.

A nan ne hasken ƙasarmu yake tona asirin ido. Masu gwada kyamarori a Turai da Japan galibi a ɗaki suke gwaji, ko ƙarƙashin sama mai gajimare. Mu kuwa rana ce a tsaye, ga farar ƙasa tana maido da ita, ga hazo ya mai da sama gaba ɗaya fitila. A dubi dattijo a kasuwa, da farar riga da rawani mai shuni yana ƙyalli, fuskarsa a inuwar rawanin. Tsakanin farin rigar da inuwar fuskar akwai tazara babba. Ido mai kyakkyawan shafe yana barin baƙi ya zauna baƙi, har a ga layukan goshi da ƙwayar ido. Ido mai raunin shafe yana zuba wannan garin haske a kan inuwa, fuskar ta zama toka-toka, ba zurfi. A ganinmu, ga mai ɗaukar baƙar fata a rana irin tamu, wannan ya fi yawan megafiksel da ake rubutawa a jikin kwali muhimmanci nesa ba kusa ba.

Akwai magani mai araha wanda mutane da yawa suke jefarwa tare da kwali: ƴar malafar roba da ake ɗaurawa a bakin ido don ta kare shi daga hasken da ke shigowa ta gefe. Idan babu ita, tafin hannu ko malafar kaba a riƙe sama da ido, yadda ba za ta shiga hoto ba, tana yin aikin. Haka kuma lokaci. Hoton kwari da aka ɗauka jim kaɗan bayan fitowar rana, ko bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka ko a gefensa, ya fi na tsakar rana ko da wane ido aka ɗauka.

Sai kuma akasin haka, watau duhu. Raɗin suna da sassafe ake yi, a zaure ko ƙarƙashin rumfa. Ɗaurin aure a masallaci, karatun dare, ajin yaƙi da jahilci da fitila ɗaya, duk wurare ne masu ƙarancin haske. A cikin kowane ido akwai wata ƙofa da ke buɗewa tana tsukewa, ana auna ta da lambar da ke bin harafin f. Lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idon da ke buɗewa har f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wanda ya tsaya a f/5.6. Ma'anar wannan a aikace ita ce, inda na farko zai kama hoto cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, na biyu sai ya jira kashi ɗaya bisa goma, kafin nan liman ya shafa fatiha, jama'a sun motsa, hoto ya zama inuwoyi.

Idon da ke zuwa cikin kwali

Kusan kowace ƙaramar kyamara tana zuwa da ido mai zum, watau wanda ake murɗawa ya jawo ko ya tura. A jikinsa za a ga an rubuta 16-50, ko 14-42, ko 18-45, a biye kuma f/3.5-5.6, wani ma har 6.3. Bai kamata a raina shi ba. Ba shi da nauyi, yana da na'urar rage rawar hannu a mafi yawan lokuta, kuma da rana, idan aka tsuke ƙofarsa zuwa f/8, yana fitar da hoton da ba za a ji kunyarsa ba. Wanda yake koyo ya fara da shi, ya yi wata shida yana lura da lambar da hannunsa ya fi tsayawa a kai.

Amma a san iyakarsa. An ƙera shi ne don ya yi araha ya kuma naɗe ya shiga aljihu, araha kuwa ba ta ado. Da yawa daga cikin irinsa suna lanƙwasa layi sosai idan aka buɗe su iya faɗinsu, sai kwamfutar da ke cikin kyamara ta miƙe hoton da lissafi kafin mai shi ya gani. Miƙewar tana jan kusurwoyi, shi ya sa itatuwan da ke gefen hoton kwarinmu suka cakuɗe. Idan kuma aka jawo shi iyaka, ƙofarsa ta tsuke, duhun zaure ya gagare shi. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: idon Fujifilm mai lamba 18-55, f/2.8-4, ya daɗe da yin suna a matsayin wanda ya fi tsaransa.

Shawararmu ga wanda kuɗinsa ƙididdigagge ne ita ce ya sayi kyamara matsakaiciya, ko da ta shekara biyar ko shida da fitowa, ragowar kuɗin ya sa a ido guda marar zum mai babbar ƙofa. Irin wannan ido ba ya jawowa, ƙafar mai shi ce zum ɗinsa, amma tun da abu ɗaya aka ƙera shi ya yi, yana yin sa da kyau. Misali shi ne idon Panasonic mai milimita 20, f/1.7, wanda ya fito a 2009, nauyinsa giram 100 kacal, ko na Olympus mai milimita 45, f/1.8, don hoton fuska. Ga masu matsakaicin faranti akwai masu milimita 30 ko 35, na Sony, da Fujifilm, da Sigma. Kamfanonin Sin irin su Viltrox da TTArtisan sun shigo da masu sauƙin kuɗi, waɗansunsu da hannu ake saita su, ingancinsu kuma ya bambanta daga wannan zuwa wancan, sai an gwada.

Kada wani ya ce ido guda ya yi kaɗan. Seydou Keïta na Bamako (sunan ne kawai ya zo ɗaya da garinmu na Keita) ya buɗe shagonsa a 1948, ya riƙa ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana, a kan babban fim mai santimita 13 da 18, ba zum ba komai. Hotunansa suna rataye yau a manyan gidajen tarihi na duniya, ana ƙirga zaren atamfa a cikinsu. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya karɓi babbar lambar yabo ta birnin Benis a 2007. A nan gida, Philippe Koudjina, ɗan asalin Togo da ya zauna Yamai, ya bar mana fuskokin matasan birnin na shekarun 1960 da 1970. Kayan aikinsu ba su kai rabin na ɗan koyo na yau dabara ba.

Wanda kuma ya gaji tsohuwar kyamarar fim daga mahaifinsa, Pentax ko Minolta ko Zenit ta Rasha, kada ya yi saurin jefar da idonta. Saboda gajartar tazarar da muka ambata, ana samun wani zoben ƙarfe da ke cike gurbin madubi, a ɗaura tsohon ido a sabuwar kyamara. Saitawa da hannu za a yi, shafensa kuma bai kai na yau ba, don haka a kiyaye shi daga fuskantar rana. Amma a hoton fuska cikin inuwa, da tsohuwar zuma ake magani.

Ƙura, zafi da gansakuka

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, tana ɗauke da ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta haɗa da rairayin da ta kwasa a hanya. Ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri. Mutumin da ya ga ƙura a idon kyamararsa ya kama bakin riga ko rawani ya goge, da hannunsa yake kankare shafen da ya biya kuɗi dominsa. Ƙa'ida ita ce a fara hurawa da ƴar famfon roba, ba da baki ba, a bi da buroshi mai laushi, sa'an nan in akwai maiƙo a shafa da tsumma na musamman mai tsabta. A ɗaura gilashin kariya a gaban ido, in ya karce a sake wani. Sai dai a nemi mai shafe, domin gilashin kariya na banza yana maido da hazon nan da muka yi bayani.

Ido mai zum da ke fita yana komawa tamkar zuga-zugin maƙeri ne: duk murɗawa yana shaƙar iska yana fitarwa, ƙura na bin iskar. Akwai idanun da aka sa wa zoben roba a mahaɗai, Fujifilm yana rubuta musu WR. Suna rage shigar ƙura, ba su hana ta ɗungum.

Babban haɗari yana wurin sauya ido. Waɗansu sababbin kyamarori, kamar Canon EOS R ta 2018, suna rufe faranti da labule idan an kashe su, amma mafi yawan ƙananan da ke iso mana ba su yi. Kada a sauya ido a kasuwa, ko a bayan mota, ko a kan dutsi iska na kaɗawa. A shiga ɗaki, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a yi maza. Mai son ya san ko ƙura ta hau farantinsa ya tsuke ƙofa zuwa f/16 ya ɗauki sama: duk ɗigon da ya fito a wuri ɗaya a kowane hoto, a kan faranti yake. Wannan ma wani dalili ne na zaɓen ido guda mai kyau a bar shi a ɗaure.

Zafin Afirilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a jahar Tawa, yana narkar da man da ke cikin ido ya malalo kan ganyayyakin ƙofa, su riƙa maƙalewa. Kada a bar kyamara cikin mota a rufe, ko a akwatin babur a rana. Gansakuka kuwa ba cutar Adar ba ce, busasshiyar iskarmu ba ta yi mata daɗi. Amma idon da aka sayo na hannu a Abijan, ko Kwatano, ko Legas, inda laima take, yana iya zuwa da ita a ciki. A haska fitilar waya ta bayansa a leƙa ta gaba: ƴar ƙura kaɗan ba komai, amma in an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, ko gilashi ya yi hayaƙi, a ajiye masa abinsa.

Kafin a biya

Kowane kamfani da irin bakinsa, idon wannan ba ya hawa kyamarar wancan, in ban da irin su Panasonic da Olympus da suka haɗa baki ɗaya a ƙaramin faranti. Akwai kuma tsare-tsaren da masu su suka daina. Samsung ya bar ƙera kyamarorinsa na NX, Nikon ya daina ƙananansa masu suna Nikon 1 a 2018, Canon ya daina EOS M. Irin waɗannan suna yawo a kasuwar kayan hannu da araha mai jan hankali. Suna ɗaukar hoto sarai, amma mai saye ya sani ba za a ƙara ƙera musu sabon ido daga gidansu ba. Olympus kuwa ya sayar da sashensa na kyamara, tun 2021 wani kamfani ne yake ci gaba da shi, kayan suna fitowa da sunan OM System, baki dai bai sake ba. Mai aika saƙo ga ɗan'uwa ya rubuta masa sunan kyamarar da lambarta harafi da harafi.

Ga gwajin da kowane mai karanta wannan shafi zai iya yi, a shagon Yamai ne, ko Maradi, ko Kano. A manna shafin jarida na Hausa a bango, a miƙe, a inuwa mai haske. A tsaya daidai gabansa har ya cika hoton, a dafa kyamara a kan tebur don kada hannu ya yi rawa. A ɗauka da ƙofa a buɗe iyaka, a sake ɗauka a f/5.6 da f/8. Sa'an nan a faɗaɗa hoton a duba tsakiya, a duba kusurwoyi huɗu. In a kusurwa ana bambanta k da ƙ, da d da ɗ, ido ne na kirki. In kusurwa ɗaya ta fita sarai ɗaya ta dushe, gilasan ciki sun goce, wataƙila ya taɓa faɗuwa. Kusan kowane ido ya fi kaifi tsakanin f/5.6 da f/8. In aka tsuke shi ya wuce f/16, kaifin raguwa yake yi. Daga nan a fita waje a ɗauki mutum rana tana bayansa ta gefe, a ga ko fuskarsa ta tsira. A murɗa zobba a saurara: ƙarar gurzawa alamar rairayi ce a ciki.

Abin da hoto yake riƙe wa ƙasa

Wani zai ce duk wannan wahala don hoton sha'awa? Yankinmu ya san amsar. A shekarar farin 1984, aka soma Furojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar FAO, da abincin PAM da ake biyan ma'aikata da shi. Mata ne suka fi yawa cikin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, aka jera su a kan fako, aka haƙa ramukan tare ruwa a jikin tsaunuka, aka datse ƙoramu, aka shuka miliyoyin itatuwa. Kafin wannan, tun 1975, an fara jera layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don karya iska. Yaron da aka haifa bayan haka ya buɗe ido ya ga itace, ya ɗauka da ma can haka wurin yake. Gani ya kori ji: abin da ke gamsar da shi, ya kuma gamsar da baƙon da ya zo da shakka, shi ne hoton da da na yanzu a jere. Haka masu bincike suka yi da Galma, a gundumar Madawa, inda suka gwada hotunan sama na 1975 da waɗanda aka ɗauka kusan shekara talatin bayan haka, aka ga yadda itatuwa suka ƙaru a gonaki. Waɗannan hotuna sun zagaya duniya.

Aikin bai ƙare ba. Madatsar ruwan Ibohamane, wadda aka gina a shekaru goman farko na mulkin kai, tana fama da laka da rairayin da ƙoramu ke kwararo mata kowace damina. Jerin duwatsu yakan rushe, zaizaya takan ci gona, gatari yakan shiga inda aka hana. Malamin makaranta ko malamin gona da ke zaune a wurin shekara da shekaru ya fi kowane baƙo damar riƙe shaidar wannan, in hotonsa yana da kaifin da za a ƙirga itatuwa a cikinsa har gefe, a kuma gane bakin zaizaya inda ya tsaya bana.

Irin wannan ɗauka tana da ƙa'ida, kuma a nan ido marar zum ya fi dacewa, tun da faɗin ganinsa ba ya sakewa daga shekara zuwa shekara. A zaɓi wuri guda a kan dutsi, a tara ƴan duwatsu a shafa musu farar ƙasa don a gane shi. A sa wani abu da ba ya gusawa cikin hoton, ƙoƙuwar tsauni ko hasumiyar masallaci. A tsuke ƙofa zuwa f/8, a ɗaura malafar ido, a ɗauka da safe. A koma sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar rani, a kauce wa ranakun da hazo ya yi kauri. A rubuta cikin littafi ranar, da sa'ar, da sunan wurin, da lambar milimita. A ajiye hotunan wuri biyu, a kuma wanke mafi muhimmanci a takarda, a kai kofi ɗaya ofishin magajin gari ko makaranta, domin katin kyamara da waya suna lalacewa ba sallama.